Jikokin Mzee Kombo

Duk mai sammako a ƙauyenmu ya san tafiyar Mzee Kombo, wato dattijo Kombo, tun daga nesa. Da an idar da sallar asuba, kafin masu gahawa su hura gawayi, za ka hange shi ya kama hanyar Mkadini, zanen ɗaurinsa a naɗe har gwiwa, sanda a hannu ɗaya, tsohon bokiti a ɗayan. Mkadini doguwar gaɓa ce a bayan gonakin rogo, babu gida babu rijiya, sai rairayi da sarƙaƙiya. Can kififiyar teku ke fitowa ta yi ƙwai, can kuma Kombo ya ƙarar da rabin rayuwarsa. Tare muka yi makarantar allo da shi, tare muka fara shiga jirgi, yau ga shi ina ba da labarinsa babu shi. A ƙarshen kwanakinsa abu ɗaya ya roƙa wurin Allah da wurin mutane: ya ga fitowar 'ya'yan wani ramin ƙwai da ya haƙa da hannunsa.

Masunta ba sa kiransa da sunansa in ana raha. Ungozoma suke ce masa. Wanda ya fi kowa tsokanarsa shi ne Makame, ƙanin matarsa, wani gajeren mutum mai babbar murya da ba ya iya ganin Kombo ya wuce bai tanka ba.

"Ungozoma! Wa ta haihu yau?"

"Ba ta haihu ba tukuna," in ji Kombo, ko tsayawa ba ya yi. "Ta taso, ta ji warin jirginka a hanya, ta koma."

Asalin abin ba daga karatu ya zo ba. A zamanin samartakarmu kowa cin kififiya yake yi. In mace ta haihu, al'adar garin ita ce miji ya samo mata naman da kitsen, a ce yana mayar da jini yana kawo nono. Mwatima, matar Kombo, ta yi ɓari har sau biyu, ga ciki na uku ya tsufa. Surukarsa ta tare shi a ƙofar gida ta ce kada ya kuskura ranar ta zo babu kitse a gidan nan. Ya tafi Mkadini, ya yi sa'a ya tarar da wata babba ta fito tana haƙa. Ya birkice ta rigingine kamar yadda ake yi, don in an kwantar da ita a bayanta ba ta iya tashi, ya koma gida ɗauko wuƙa. Da gari ya waye ya dawo, sai ya tarar ƙwan ya matsa mata, tana sakinsa a haka yadda take, yana gangarowa kan rairayi ɗaya bayan ɗaya, ga wani ruwa mai kauri na zuba daga idonta. Bayan shekaru ma'aikatan kifi suka gaya masa gishiri ne kawai take fitarwa, ba kuka ba ne. Ya ce ya yarda, amma shi a ranar fuskar Mwatima ya gani.

Shi kaɗai ya yi ta fama har ya mayar da ita kan cikinta, bayansa kamar zai tsinke. Ya tattara ƙwan ya zuba a ramin da ta fara, ya rufe. Ya dawo gida da wuƙa a bushe. Surukarsa ba ta amsa gaisuwarsa ba har ranar suna. Akuyarsa guda tilo ya yanka wa maijego. Mwatima ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace aka sa mata Time. Shi kuwa kullum sai ya leƙa ramin, yana korar karnuka da guza. Da yawa daga cikin ƙwan sun lalace, amma wasu sun fito, ya tsaya ya ga shigarsu ruwa. Tun daga nan bai sake cin naman ba, bai kuma hana kowa ba a lokacin.

Sai da kififiya ta yi ƙaranci, har mutum ya shekara bai ga sawunta ba, sannan aka zauna a gindin mangwaron masallaci, dattawa da masunta da mata masu noman ciyawar teku da mutanen ofishin kifi. Aka yi alkawari ba za a sake tonon ƙwai ba, ba za a sake yanka ba, wadda ta faɗa taru kuma a sake ta. Aka zaɓi masu tsaron gaɓa, Kombo ne na farko. Ba a rana ɗaya garin ya bi ba. Akwai waɗanda suka daina ba shi hannu a masallaci. Bai taɓa kai ƙarar kowa ba. In ya ji ƙanshin naman daga wani gida, sai ya je ya zauna a dakalin ƙofar, ya yi sallama, ya nemi a ba shi gahawa. Ya sha, ya yi hirar iska da ruwa da tsadar igiya, ya ƙi tashi. Maigidan na zufa, tukunya na tafasa a ciki, ba dama a sauke. Da wuya mutum ya jure wannan ziyarar sau biyu.

Aikinsa kuwa ga yadda yake. Da safe ya bi gaɓa yana duba sawu. In uwa ta yi ƙwai a tudu, sai ya share sawun ya kafa alama da shi kaɗai da abokan aikinsa suka sani. In ta yi a ƙasa, inda cikar teku za ta kai, sai ya kwashe ya mayar sama tun rana ba ta yi zafi ba. Yakan ce ƙwan kififiya ba ya son a juya shi, yadda uwar ta ajiye haka za ka ɗauka, saman a sama. Yakan haƙa sabon rami zurfin hannunsa har kafaɗa, mai ƙaramin baki da faɗin ciki kamar tulu, ya shimfiɗa rairayin tsohon ramin a ƙasa, ya jera su yadda ya same su. Doka ɗaya ce ba ya sassautawa ko ga limami: ba a ɗaukar ɗan kififiya a kai shi ruwa. Da ƙirjinsa yake sanin gida, in ji shi. Rairayin da ya ja jiki a kai, shi zai nema ranar da ya girma.

A farkon iskar kudu ta bara ne ya ga wani sawu da ya tsayar da shi. Siriri ne, ya yi nan ya yi can, an fara haƙa a wurare daban-daban an bari, daga ƙarshe aka yi ƙwan dab da bakin ruwa, inda ko mahaukaciyar kaza ba za ta yi ba. Ya ɗaga kai sai ga mai sawun can gaba, gari ya waye mata, tana jan jiki za ta koma. Ba ta kai sauran girma ba, bayanta sumul babu tabo. Kombo ya tsuguna ya yi ta kallonta har ruwa ya rufe ta.

Da ya dawo ya sami masunta suna ɗinkin taru, ya zauna, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Haihuwar fari ce," ya ce. "Ba ta ma san inda ake yi ba. Makame, ɗaya daga cikin na ramin nan ce, na shekarar da aka haifi Time. Sa'ar Time ce. Ta dawo gida."

"Ikon Allah. Ta gaishe ka? Ta ce Baba ina kwana?"

"Ba ta gaishe ni ba. Shi ya sa na ce ta taɓa zama kusa da ku."

Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce ai teku da faɗi, wa ya san daga inda ta fito. Kombo ya ce haka ne, babu wanda ya sani, shi ma bai ce a rantse ba. Amma tun daga ranar ƙwan ramin nan ba shi da wani suna a bakinsa sai jikokina.

Kwasar wannan ƙwan shi ne aikin ƙarshe da ya yi da hannunsa. A hanyar dawowa ya yi ta zama yana hutawa, abin da bai taɓa yi ba. Kafin mako ya zagayo ƙafafunsa sun kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya in ya kwanta. Aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi, aka kai shi asibitin gari. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji. Aka dawo da shi da ƙwayoyi, aka sa masa gadon igiya kusa da ƙofa inda iska ke shigowa, aka tara masa matasai a baya.

Sauran masu tsaron suka raba aikin a tsakaninsu. Abin da ya ba kowa mamaki, Makame ne ya karɓi tafiyar safe. Ya ce ba don Allah ya yi ba, don a huta da mitar Ungozoma ne. Kullum da hantsi sai ya shigo, ƙafa duk rairayi, ya tsaya a kan Kombo.

"Suna nan. Ba su ce a gaishe ka ba."

"Ka duba sawun guza?"

"Na duba. Na duba na kare, na duba na aljanu. Akwai saura?"

Wata ya wuce, na biyu ya kama. Kombo ya rame a sama ya kumbura a ƙasa. Ba ya iya taka ƙafa, ko alwala sai Mwatima ta kawo masa ruwa a kwano. In mun je duba shi ba ya maganar ciwon. Lissafin wata yake yi da yatsu, yana tambayar ko an yi ruwa a Mkadini, ko rairayin da ɗumi.

"Ni dai in ga fitowarsu," yakan ce. "Bayan haka duk abin da Allah ya yi daidai ne."

"Ka daina min irin wannan magana a ɗaki," in ji Mwatima, ta juya baya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Ran nan da hantsi sai ga Makame ya shigo yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da miya, robar wanki a hannu an rufe da zane, haƙoransa duk a waje.

"Ungozoma, tashi ka karɓi baƙi. Jikokinka sun zo gaisuwa da kansu."

Ya ajiye robar a bakin gado ya yaye zanen. Ruwan teku ne a ciki, ga 'yan kififiya 'yan kaɗan, kowanne bai cika tafin hannu ba, baƙaƙe masu farin gefe, suna ta iyo suna bugun jikin roba. Fuskar Kombo ta yi haske, ya miƙa hannu har ya kusa taɓa ɗaya. Sai hannun ya tsaya.

"Wa ya sa su a ruwa?"

"Ni mana. Na ce kada su bushe a hanya."

"Makame." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ɗan guzurin da uwarsu ta bar musu a ciki, da shi za su yi iyo su wuce duwatsun nan su kai zurfi. Ba su da wani. Kai kuma ka sa suna ƙona shi a robar wankin yayarka. Ba su taka rairayin gida ba, ka kawo su ɗakin majinyaci."

Hawaye ya zubo masa. A iya zamanmu ban taɓa ganin haka ba sai ranar da uwarsa ta rasu. Makame ya tsaya da zanen a hannu.

"Wallahi don kai na yi, Yaya. Na ga ba za ka iya zuwa ba."

Bai taɓa kiransa Yaya a gaban mutane ba. Kombo ya share fuska da bayan hannu.

"Na sani. Zubar da ruwan. Kawo danshin rairayi ka sa musu, ka rufe, ka kai su inda babu haske su yi barci. Ramin fa, yaya ka bar shi?"

"Ya lotsa a tsakiya. In ka tsaya kana ganin rairayin na motsi."

"To yau ne. Da yamma, in rana ta yi sanyi, sauran za su fito gaba ɗaya. Waɗannan a mayar da su bakin ramin su bi 'yan'uwansu." Ya ja numfashi. "Ni ma zan je."

Nan aka fara shawara, don maƙwabta sun taru a ƙofa. Ta ruwa ba zai yiwu ba, da yamma teku zai janye, jirgi ba zai isa gaɓar ba, ga iska. Amalanke iyakarsa gonakin rogo, daga nan hanya ce ta duwatsu masu kaifi da mutum ɗaya ke bi. Goyo kuma ba dama, in aka danne masa ƙirji numfashi ɗaukewa yake. Makame, da yake neman hanyar gyara ɓarnarsa, ya yi caraf ya ce ai abu ne mai sauƙi, mutum huɗu su ɗauki gadon a kafaɗa.

Ludayin da ke hannun Mwatima ya faɗi ƙasa.

"Gadon nan ba zai fita ƙofar nan da mutum a kai ba."

Babu wanda ya tambaye ta dalili. A garinmu in ka ga maza huɗu sun fito daga gida da mutum a kwance bisa kafaɗunsu, abu ɗaya yake nufi. Mata za su saki kuka tun kafin su ji ko wane ne, mai shago zai rufe, duk namijin da aka wuce zai ajiye abin hannunsa ya bi baya.

"Yaya, ai kowa ya san da ransa," in ji Makame.

"Kai ka yi min shiru. Ka gama da jikoki, yanzu kakan kake so ka ɗauka? Ni zan tsaya a ƙofar nan in ga an fita da mijina haka? Idona ba zai gani ba sai ranar da ba ni da yadda zan yi."

"Maman Time," in ji Kombo a hankali.

"A'a. In numfashin ya ɗauke a hanya fa? A cikin duwatsu, babu ruwa babu inuwa?"

"In ya ɗauke a nan fa, ban gan su ba?"

Ta ɗauki ludayinta ta shige madafa. Maza suka dubi juna, suka zame ɗaya bayan ɗaya, don magana ta koma tsakanin miji da mata. Makame ya ɗauki robarsa ya tafi neman rairayi.

Bayan azahar Mwatima ta je rijiya. Da ta dawo ta sauke tulu, ta leƙa ɗaki, gado babu kowa. A tsakar gida ta ga sawu a rairayi: ramukan gwiwar hannu biyu, hagu da dama, da wata shimfiɗaɗɗiyar hanya a tsakiya inda aka ja jiki. Shekarunta nawa tana jin bayanin irin wannan sawun a bakin mijinta. Ta bi shi ya zagaya bayan ɗaki, ya wuce turken awaki. A gindin lemun tsamin da ke bakin danga ta same shi, ya kifa goshi a kan hannu, bayansa na hawa da sauka.

Ta zauna a ƙasa kusa da shi. Ta tallabo kansa ta ɗora a cinyarta, tana kakkaɓe masa rairayi daga gemu.

"Baban Time, haka za ka yi min?"

Ya amsa yana haki.

"Na ce in na fara yanzu, ƙila in kai kafin azumi."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Suka zauna a haka, ganyen lemo na faɗo musu. Ta dubi gwiwar hannunsa da ta goge tana jini kaɗan. Ta dubi dangar da ko ita bai kai ga wucewa ba.

"Tsohon banza," ta ce. "Tun ina yarinya kake ba ni wahala a kan matan nan naka na ruwa."

Ta ɗaga murya ta kira maƙwabciya ta ce a nemo mata Makame, ya zo da maza shida masu ƙarfi, ba huɗu ba. Da suka zo ta nuna musu rufin ɗaki, inda tangar jirgin Kombo take a naɗe tun da ya kwanta, babban ƙyallen nan da iska ke tura jirgi da shi. Ta ce a sauko da ita a ninka biyu.

"A zaune za ku ɗauke shi, da matasai a bayansa. A hannu, ƙasa-ƙasa, kada wanda ya kai kafaɗa. Ta ƙofar baya za ku fita. Kuma ku yi waƙar jan taru tun daga nan har can, da ƙarfi, kowa ya ji mai rai ne. Ni ma ina biye da ku."

Haka aka fita da shi bayan la'asar. Uku a dama uku a hagu, kowa ya naɗe gefen tanga a hannu, Kombo na zaune a tsakiya kamar ango, hularsa a karkace. Aka ɗauki waƙa. Matan da ke shanya ciyawar teku suka miƙe tsaye, hannu ya fara tafiya kai, sai suka ji waƙar, suka ga yana ɗaga musu hannu. Wata ta rangaɗa guɗa. Kafin a wuce gonakin rogo rabin gari na biye, wasu da tabarma, wasu da butar shayi.

"Kai, Ungozoma, wane ne ya ce ka rame?" in ji Makame yana haki. "Duwatsu ka haɗiya?"

"Shinkafar yayarka ce. Riƙe da kyau, ɓangarenka ne ke jan ƙasa, gajere."

A cikin duwatsun Makame ya yi tuntuɓe, babban yatsansa ya fashe. Ya buɗe baki da ƙarfi, "La'ilaha..."

"Yi a zuciyarka!" in ji Mwatima daga baya, don a garinmu da wannan kalmar ake raka gawa. "Allah na ji. Waƙa na ce!"

Kombo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka sauke shi ya huta, Mwatima ta ba shi ruwa tana yi masa fifita da gefen mayafi. Leɓunansa sun yi duhu. Ta dube shi, ya gane tambayar, ya girgiza kai ya nuna gaba da haɓa. Aka sake ɗauka.

Rana ta yi ja lokacin da aka iso. Aka zaunar da shi gefen ramin, fuskarsa na kallon teku. Matasan da aka tara masa a baya suka yi ta zamewa a rairayi, sai Mwatima ta zauna a bayansa ya jingina da ita, a gaban maza, abin da ba a yi. Kowa ya sami wani wurin da zai kalla. Kombo ya sa aka ja layi biyu da sanda daga ramin zuwa ruwa, ya ce kada wanda ya shiga tsakani. Mata suka tsaya da mayafai suna korar hankaki, maza suka bi ramukan ƙaguwa suna toshewa da dunduniya. Makame ya kawo robar, ya karkata ta a bakin ramin a hankali, ya ja da baya.

Aka yi jira. Iska ta yi sanyi. Sai wani ɗan baƙin kai ya leƙo daga rairayi, ya tsaya kamar mai sauraro. Wani ya leƙo kusa da shi. Kafin ka ce me, ramin ya ɓarke kamar tukunya ta tafaso, suna hawa kan juna, suna faɗuwa suna tashi, duk suka miƙa wajen hasken ruwa. Na cikin robar ma suka farka suka shiga cikinsu, ba ka iya bambance su. Ƙarar 'yan hannayensu a rairayi kawai kake ji, kamar yayyafi a kan ganyen ayaba. Kombo ya ajiye hannunsa a ƙasa, wasu suka bi ta kan yatsunsa suka wuce. Bakinsa na motsi, Mwatima kaɗai ta ji abin da yake cewa, ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

Guda ɗaya ya rage a baya. Ya faɗa cikin wani zurfaffen sawun ƙafa, yana ta hawa yana zamowa. Makame ya durƙusa, hannunsa ya tafi da kansa. Sai muryar Kombo ta tsayar da shi.

"Makame."

"Ai ba ɗauka zan yi ba."

"Hannunka a baya. Sawun wa ye wannan?"

Makame ya duba. Ga alamar fasasshen yatsa.

"Nawa ne."

"To ƙafarka ce ta zame masa rijiya. Sa yatsa ɗaya ka rushe bakin ta gaba. Kada ka taɓa shi."

Makame ya rushe bakin sawun. Ɗan kififiyar ya haye, ya tsaya, ya ci gaba. Da yake teku ya janye, tafiyar da nisa, gari duka na binsa da ido. Ya isa bakin ruwa, igiya ta ɗauke shi ta watso shi baya rigingine. Wata mata ta ce wayyo. Ya yi ta wutsil-wutsil har ya juya da kansa, ya sake nufa. Igiya ta sake dawo da shi. A karo na gaba ta tafi da shi. Can gaba kaɗan wani ɗan ɗigo ya ɓullo ya shaƙi iska ya nutse.

Kombo ya saki jikinsa a jikin matarsa, ya rufe ido. Mwatima ta sa hannu a ƙirjinsa da sauri.

"Ina nan," ya ce. "Kunya za ki ba ni a gaban ƙaninki."

A nan kan rairayi aka yi sallar magariba, shi a zaune. Aka ɗauko shi aka dawo da sauran hasken yamma, waƙar ta yi sanyi don kowa ya gaji, amma ba a bari ta mutu ba har ƙofar gida.

Washegari ya nemi shinkafa da kwakwa da soyayyen kifi, ya ci fiye da yadda ya ci a wata guda. Time ta zo daga garin mijinta da yaranta, ya yi wasa da su. Ya yi 'yan kwanaki a haka. Makame na zuwa da hantsi kamar kullum ya kawo labarin gaɓa, Kombo ya saurara ya gyaɗa kai, amma bai sake yin tambaya ba, ko ta guza ko ta ruwa. Mwatima ta ce a nan ta gane ya ƙoshi.

Ranar wata Talata tsakanin azahar da la'asar ya cika, kansa a hannunta, da kalmar shahada a bakinsa. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya ba Mwatima haƙurin rashinsa, mu ma ya ba mu.